Hannun Baba Cikin Aljihu

Ni ɗan fari ne, a gidanmu kuwa wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Kakanninmu Fulani ne da suka shigo Haɗejia da shanunsu suka zauna. Shanun sun ƙare tun ba a haife ni ba, Fulatancin ya bi bayansu, sai 'yar gaisuwa da zagi kaɗan. Abin da ya rage mana ko ƙwarzane bai yi ba shi ne kunyar ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya ce mini yi kaza ba. Idan yana so in ɗebo ruwa, bango yake gaya wa. Sai ya dubi bangon zaure ya ce a ce wa wancan randa ta bushe, alhali ina zaune gab da shi har ina jin ƙamshin turarensa. In muna waje babu bango a kusa, akuya ma ta isa 'yar aike.

Ba wai mutum ne mara magana ba. Da ƙanena, autanmu, har kokawar tsokar nama suke yi a kwano ɗaya. Ƙanwata kuwa takan zauna a gabansa ta yi ta zuba, yana dariya har hularsa ta faɗi. Ni kaɗai aka ware, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai tun ina ƙarami. An sha gaya mini cewa kunyar nan alamar so ce, ni dai da an tambaye ni da tsokar naman na zaɓa. Mai gadin al'adar shi ne Baffa, yayan Baba, wanda gidansa ke jikin namu amma a zaurenmu yake wuni. Da zarar idon Baba ya daɗe a inda nake, sai Baffa ya yi gyaran murya.

Baba mai buga tafireta ne a ofis har ya yi ritaya. Da yatsu goma yake bugu, idonsa na kan takardar da yake kwafa ko a kan mai wucewa ta taga. A wurinsa duk wanda sai ya leƙa madannai kafin ya danna bai iya aiki ba, tsince-tsince yake yi irin na kaza. Da ya bar aiki sai ya koma noman shinkafa a fadama ta wajen Auyo, da rani ya tafi a babur, da damina ya ƙarasa a kwale-kwale. Da wayar hannu ta shigo gari ya sayi ƙarama mai madannai, irin wadda ake wa laƙabi da rakani-kashi saboda 'yar fitilarta. Ba a daɗe ba yatsansa ya haddace ta. Akwai wani ɗan tsiro a kan lamba biyar, daga nan yake laluben sauran, ya san inda kowane harafi yake kwana da irin dannawar da za ta tashe shi. Ni kuwa na ajiye lambarsa a wayata don cika ƙa'ida kawai, na san ba za ta taɓa nemana ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin na fara koyarwa a makaranta, muna zaune a zaure da baƙi sai na ji wayata ta girgiza. Na zaro na duba. Lambar Baba ce, saƙon kuma ɗan guntu: "Hularka ta karkace."

Na ɗaga kai. Baba na can yana musu da wani baƙo a kan irin shinkafar da ta fi jure ruwa, hannunsa na hagu yana nuni, na dama yana cikin aljihun kaftani. Ko inda nake bai kalla ba. Na gyara hular. Wayar ta sake motsi: "Yanzu ta fi karkacewa."

Daga ranar na gane cewa ubana ɗan barkwanci ne, kuma ya iya gulma. Baƙo zai zauna yana ta jan labari, Baba na gyaɗa masa kai cikin girmamawa, ni kuma saƙo na shigo mini cewa wannan ba zai tashi ba sai ya ji motsin tuwo. Da na kwanta da zazzaɓi, a baki ko sannu ban samu ba, amma aljihu ya yi ta tambayata ko na sha magani. Da na fara neman aure, su Baffa suna binciken asalin yarinyar, shi abin da ya tambaye ni ta aljihu shi ne ko tana da dariya. Bai taɓa rubuta sunana ba, bai taɓa cewa ɗana ba. Lambata ma bai ajiye ta ba, yatsansa ne ya haddace, sai ya danna ta a cikin duhun aljihu ya tura. Ba mu taɓa tayar da zancen a baki ba, ko da mu biyu ne kawai a gona muna korar tsuntsaye.

Ni ne nake shan wahalar wannan zumunci, don ni babbar waya ce da ni, mai gilashi, sai na zaro ta na sa ido kafin in ba da amsa. Wata rana Baffa ya kama ni ina murmushi ni kaɗai, ya yi mini tatas a gaban jama'a. Ya ce yaran zamani sun lalace, ubanka na zaune kana shafa madubi kana washe baki kamar wanda aka ba gado. Baba ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya Yaya ya faɗa, tarbiyya ta yi ƙaranci. Yana rufe baki wayata ta girgiza a cinyata. Sai da na fita waje na duba: "Ka ji dai. Ba ka da tarbiyya."

Haka muka yi shekaru, har wata damina da kogi ya kawo ruwa ya shafe hanyar gona. Baba ya shiga kwale-kwale zai duba ko shinkafarsa na da sauran numfashi, jirgin ya ci karo da tushen kacala, ciyawar nan da ta cinye mana bakin kogi, ya tuntsure. Ruwan iya ƙirji ne, Baba ya fito lafiya, amma wayar ta sha ta ƙoshi. Aka ce a binne ta a cikin ɗanyar shinkafa za ta farfaɗo. Shinkafa kam ba mu rasa ba, buhu guda aka kwance mata, amma ba ta sake buɗe ido ba. Layin kawai aka ceto.

Nan fa aka buɗe mahawarar abin da za a saya masa. Ƙanena, wanda ke aikin kwamfuta a Kano, ya taso musamman. Ƙanwata da ke aure a Dutse aka kira ta a waya aka buɗe murya, aka ajiye ta a tsakiyar tabarma. Auta ya ce tablet za a saya, wato kwamfutar hannun nan mai faɗi. Ya ce tsoho ido yake buƙata, a kanta harafi ɗaya ya kai babban yatsa, Baba zai karanta Alƙur'ani ba tabarau, ya ga hasashen ruwan sama kafin ya sake shiga jirgi. Ƙanwata daga tabarma ta ce wa zai ɗauki tire ya hau babur da shi? Ta ce babbar waya ta wadatar, tana shiga aljihu, ana kira da ita ba sai an riƙe ta da hannu biyu kamar mai tallan goro ba, kuma zai riƙa ganin jikokinsa a bidiyo. Tun daga bakinta sunan tire ya bi abin. Baffa ya ce dukkansu madubin shaiɗan ne, sannan ya tambaya a hankali wanne ne aka fi ganin Makka sosai a ciki.

Da aka zo kaina na ce a sayo masa irin wadda ta mutu. Aka yi mini dariya har da ta cikin waya. Auta ya ce Yaya kai kana shafa gilashi amma kana so a bar Baba a zamanin tafireta, sabo dai turken wawa ne. Na ce yatsansa ya saba da madanni, wanda ya ƙware da rubutu ba ya son abin da ba ya ji a hannunsa. Ya ce ai gilashin ma akwai madannai a ciki, har sun fi yawa. Dalilina na gaskiya na nan a bakina, amma ba shi faɗuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na saci kallon Baba ko zai kawo mini ɗauki. Bango yake kallo, hannunsa na dama na cikin aljihun da babu komai.

Auta ne ya ci, don shi ya sayo. Ya kawo tiren a kwali, ya sa aka datse layin Baba aka rage masa girma don ya shiga, ya zauna ya shirya komai. Cikin ƙauna ya yi, wannan ba na musu. Ya zuba sunayen dangi kaf, kowa da hotonsa. Nawa ya sa cikakken sunana da manyan baƙaƙe, ga fuskata ina washe baki ranar aurena. Baba ya karɓa da hannu biyu ya sa masa albarka, don kyautar ɗa ba a mayar da ita.

Abin da Baba ya fara gwadawa bayan kowa ya watse shi ne cusa tiren a aljihu. Ta taga na hango shi. Ya gwada a tsaye, ya gwada a kwance, ya gwada a karkace, aljihun ya yage har gwiwa. Ya kai wa tela ya yi masa wani aljihu mai faɗin jakar makaranta, sai kaftanin ya riƙa rinjaya gefe guda, yana tafiya yana dukan cinyarsa. Da ya je gona kuwa tiren ya ƙi sanin hannunsa. Yatsan da ya jiƙe ko ya sha laka, gilashi ba ya amsa masa, sai ya goge a riga ya shafa, ya sake gogewa ya sake shafawa, mai jirgi na jiransa. Daga baya ya daina fita da shi, ya zama ɗan zaman zaure.

A zauren kuwa tire ya yi farin jini. Baffa da ya kira shi madubin shaiɗan shi ya fi kowa manne masa, kullum a nuna masa masu ɗawafi. Da Auta ya ji Baba na ƙorafin cewa rubutu a gilashi kamar tafiya ce a kan santsi, babu inda yatsa zai taka ya ji ya taka, sai ya aiko masa da kibod, allon madannai na gaske da ake haɗawa da tiren. Ranar da ya iso na ga Baban da na sani ina yaro. Ya ɗora shi a kan akwati, ya gyara zama, ya ware yatsu goma, ya shiga bugu kamar ruwan sama a kan kwano, idonsa na kan titi. Maƙwabta suka taru kallo. Ya rubuta wa Auta doguwar godiya, ya rubuta wa ƙanwata labarin ambaliya tun daga farko har ƙarshe. Baffa na gefensa yana bin rubutun da ƙarfi, yana haɗa baƙi a hankali, don kowa ya amfana. Kowa a dangi ya ƙaru da Baba, ni kaɗai aka yi garin neman gira na rasa ido.

Na yi ta tambayar kaina me zai hana shi shiga ɗaki shi kaɗai ya rubuto mini. Sai daga baya na gane. A tsohuwar waya hannu ne ke yi, ido bai shaida ba, Baba na iya rantsewa bai ga lokacin da aka yi ba. A kan gilashi kuwa sai ya buɗe ido ya nemo sunana, ya dubi fuskata, ya ɗora yatsa a kanta. Wannan kuwa daidai yake da ya kira ni a tsakar gida ya dafa kafaɗata. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana aiken bango ba zai iya ba.

Da shirun ya ishe ni sai na yi gangancin rubuta masa da kaina. Na tambaye shi yaya gilashi. Na manta cewa tire ba ya da sirri. Tiren na jingine a zaure ya yi ƙara, ya haska fuskata da saƙon a gaban kowa. Baffa ya matso ya karanta a bayyane, ya sake karantawa, sannan ya juyo gare ni. Ya ce tun da yake bai taɓa jin ɗan fari ya aika wa ubansa da wasa kamar abokin tsara ba, ya ce saura in zo in dafa shi mu tafa. Baba ya ce gaskiya Yaya ya faɗa. Na jira cinyata ta girgiza, ba ta girgiza ba. Wannan faɗan shi ne na farko da na sha ni kaɗai, kuma ya yi mini zafi ƙwarai.

Ƙanwata ba ta haƙura da kayen da ta sha ba. Da ta ji labarin yagaggen aljihu sai ta aiko da babbar waya don ta nuna wa Auta cewa ita ce da gaskiya, aka cire layin daga tire aka mayar ciki. Raina ya ɗan yi sanyi, don wannan kam ta shiga aljihu lafiya lau. Ranar Juma'a na zauna a inda na saba, na ga hannun Baba ya sulale cikin aljihu. Abin da ya fara faruwa shi ne aljihun ya kama haske, farin kaftani ya zama fitilar ƙwai. Baba ya rufe da gefen babbar riga ya ci gaba da lalube. Can sai wayata ta yi ƙara, amma ba ita kaɗai ba, ta kowane ɗan dangi da ke wurin ma ta yi. A guruf ɗin dangi Baba ya tura haruffa barkatai da babu mai iya karantawa, da hoton fure, da wani hoto baƙi ƙirin wanda daga baya aka gane cikin aljihun ne. Ana cikin duba wannan sai muka ji sallama daga cinyarsa. Ashe ya kira liman, bawan Allah yana ta tambaya ko lafiya.

Auta da ya ji labari ya yi dariya har da hawaye. Ya ce Baba ai ba a rubutu a makance a kan gilashi, kuma ma me ya kai ku wahala, ku danna nan kawai ku yi magana, saƙon murya zai tafi. Baba ya ce abin da baki zai iya faɗa me ya kai shi cikin waya. Auta ya ɗauka raha ce, ya sake yin dariya. Ni ban yi ba.

A cikin wannan shirun matata ta samu ciki, na fari, bayan mun daɗe muna jira. Labarin ya isa ga Baba ta bakin mata kamar yadda aka saba. Na san da tsohuwar waya na raye da na samu wata tsokana da zan riƙa karantawa ina dariya ni kaɗai. Ban samu komai ba. Kullum muna zaune tabarma ɗaya, amma kewarsa nake yi kamar wanda ya yi tafiya.

Sai na yanke shawarar sayo masa rakani-kashi da kaina, da sabon layi. Sayen ba wuya, miƙawar ce aiki. Ba zan iya ba shi hannu da hannu ba, in kuma na aika ta hannun wani sai an tambayi dalili, ga tire ga babbar waya. Dabarar da ta zo mini ita ce ta mai wanki da guga na bakin layinmu, dattijon da ke wanke kayan Baba. Na je shagonsa kamar hira ta kawo ni, da ya juya zai ƙara gawayi a dutsen guga na zura wayar a aljihun wani gogaggen kaftani. Lissafina Baba zai sa riga ya ji abu, ya gane, a bar kaza cikin gashinta.

Na manta da amanar mutumin. Da yamma sai ga shi a zaure da ƙullin kaya a ka, waya a tafin hannu biyu, yana neman shaidu. Ya ce shi tun da yake wanki ko allura bai taɓa ɓoyewa ba, ga abin da ya tsinta a rigar Malam. Baffa ya ce ai Malam ba shi da irin wannan yanzu. Aka yi ta juya ta ana tambayar ta wa ce, ni ina ta nazarin farcen ƙafata. Baba ya karɓa, ya shafa ta da babban yatsa, na ga yatsan ya tsaya a kan ɗan tsiron lamba biyar. Ya dubi bango ya ce wani ya yi sakaci da kayansa, bari a adana masa har ya zo nema. Baffa ya ce haka ne, tsintuwa amana ce. Wayar ta shige aljihu.

An gudu ba a tsira ba. Ashe wayar irin mai surutun nan ce da ke faɗin duk lambar da aka danna. Washegari zaure ya cika, ana zancen farashin taki, sai muryar wata mata ta fito daga aljihun Baba tana ƙirga lambobi da Turanci, da ƙarfinta. Na gane lambobin, farkon lambata ce. Baffa ya zabura yana neman tsari, ya ɗaga tabarma yana dubawa. Baba ya zare hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa, ya ce tsintuwar nan da alama tana kiran mai ita. Da aka watse ya bar ta a kan tabarma, ya gaya wa bango cewa a kai wannan caji. A sashena ake cajin wayoyin gidan saboda ni ke da sola. Na duba na ga batirinta cike yake fal, sai na gane aiken. Na kashe mata murya da duk wani ƙara, na mayar da ita inda na ɗauko.

Daga nan na zauna jira. Sati ya wuce, wata ya wuce, babu komai. Wani lokaci nakan ga hannunsa a aljihu, in ƙura wa wayata ido, ta yi shiru. Na fara tunanin ko kunyar da muka sha a gaban mutane ta rufe ƙofar gaba ɗaya, ko kuwa dama abin na tsohuwar wayar ne ya bi ta ruwa. Na daina sa rai, na ma daina zama kusa da shi sosai.

Damina ta zagayo, kogi ya sake cika. A al'ada matata gidan iyayenta za ta je haihuwar fari, amma ruwa ya yanke hanyar ƙauyensu ta bayan Auyo, babu mai sa mai tsohon ciki a kwale-kwale. A gidanmu ta sauka, aka samu ɗa namiji. Tun a ranar Baffa ya kira ni ya karanta mini dokoki, don yanzu layi ya zo kaina. Ba zan ɗauke shi ba, ba zan yi masa wasa ba, ba zan nuna murna a gaban mutane ba, in an yi mini barka in sunkuyar da kai in kawo zancen ruwan sama. Na ga yaron sau ɗaya daga bakin ƙofa, a naɗe cikin zane, tsofaffin mata sun kewaye shi. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. A ranar na fara tausayin Baba, na kuma fara jin tsoron cewa ni ma bango zan koma aika.

Ana gobe suna da safe muna zaune a zaure muna amsar masu barka, Baffa na gefena yana lura da fuskata kada ta saki. Daga cikin gida aka jiyo an sauke tukunyar ruwan zafi, mata suna kiran a kawo ganye, za a yi wa mai jego wanka a bayan ɗaki. Baba na sauraron wani maƙwabci da ke ba da labarin yadda ruwa ya ci masa gona. Sai ya ɗaga kai ya dubi bango ya ce a ce wa wancan ya dubo ko an ba ragon suna ruwa.

Na miƙe. Ina sa takalmi cinyata ta girgiza. Sai da na shige soro na biyu inda babu mai ganina na zaro wayar. Baƙuwar lamba ce, amma ni na saye ta, na san ta.

"Duk sun tafi wajen wanka. Babu kowa a ɗakin. Shiga ka ɗauke shi."

Ina tsaye ina sake karantawa wani ya shigo.

"Ni ma haka na yi."

Ragon dai ban san ko ya sha ruwa ba. Na shiga ɗakin a kan yatsun ƙafa, na ɗauki ɗana, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya mayar ya rufe. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na riƙe shi a ƙirjina ina jin ƙarar ganye da ruwa daga bayan ɗaki, ina tunanin wani saurayi mai buga tafireta da ya taɓa laɓaɓowa haka, yana kasa kunne kada a kama shi. Na yi kuka, ba kaɗan ba, amma a hankali don kada in tashe shi. Da na ji an fara zubar da ruwan wanka na kwantar da shi yadda na same shi, na goge fuskata da hannun riga na fito.

Baffa ya tambaye ni yaya ragon, na ce lafiya lau yake. Ya dubi idona ya ce me ya same shi ya yi ja, na ce hayaƙin murhu ne. Baba bai ko juyo ba, yana ta ba maƙwabcin nan haƙuri a kan gonarsa, hannunsa na dama na inda ya saba. Na zauna a gefen tabarma, na ji cinyata ta sake girgiza. Wannan karon a gaban Baffa na zaro wayar, in ya so ya yi faɗan.

"Hularka ta karkace."